Shin ƙungiyar Jami'ar Nebraska ta kusa dawowa kuwa?

Bazazzagi a Omaha ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar ƙwallon Amurka ta jami'o'i. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma yanzu da aka rufe kakar 2024 na ga ya dace in kawo ta gabanku.

Aiki ne ya kawo ni Omaha a shekarar 2016, kuma duk wanda ya zauna a jihar Nebraska ya san cewa ba shi yiwuwa mutum ya kauce wa zancen ƙungiyar jami'ar jihar, wadda ake kira Cornhuskers, domin ranar Asabar gari gaba ɗaya jajayen riguna ne, tun daga mai gadi har shugaban ma'aikata. A waccan shekarar ƙungiyar ta ci wasanninta 7 na farko a jere, ta gama kaka da nasara 9 da rashin nasara 4, ni kuwa na ɗauka haka abin yake kullum. Ashe wannan ce kakar ƙarshe da zan ga an ci wasa fiye da waɗanda aka sha kaye, har sai da shekaru 7 suka shige a tsakani.

A kakar 2024 an samu nasara 7, an sha kashi sau 6. An doke Colorado da maki 28 da 10, an doke Wisconsin 44 da 25, wanda shi ne ya ba su damar zuwa wasan ƙari na ƙarshen kaka, wanda ake kira bowl, karo na farko tun 2016, sannan suka je New York suka doke Boston College 20 da 15. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasan da aka yi a gidan Ohio State, inda muke gaba da 17 da 14 a zango na huɗu kafin a ƙwace wasan a tashi 21 da 17, kuma wannan Ohio State ɗin ce ta je ta ɗauki kofin ƙasa a watan Janairun 2025. Cikin wasanni 6 da aka ci mu, 5 daga ciki tazararsu ba ta wuce maki 8 ba, wato abin da hari ɗaya mai kyau zai iya gogewa.

Abokan aikina sun rabu gida biyu. Wasu na cewa saura ƙiris, da zarar mai jefa ƙwallon nan Dylan Raiola ya ƙara shekara ɗaya a kan wadda ya yi, za a ga canji. Wasu kuma ko sauraron wannan magana ba sa son yi. Ni zuciyata tana tare da na farkon, amma ina jin tsoron kada so ya rufe mini ido. Shin da gaske ƙungiyar nan ta kusa zama mai ƙarfi, ko kuwa faɗuwa da ƙaramar tazara ba ta nuna komai? Ina neman ra'ayin waɗanda suka riga ni sanin wasan.

Tsohon Ɗalibin Lincoln ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta taɓa mini wani tsohon miki, saboda na yi karatu a Lincoln, garin da Jami'ar Nebraska take, a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da Tom Osborne yake horar da ƙungiyar, kuma na ga da idona abin da ake nufi da ƙungiya mai ƙarfi. Daga 1993 zuwa 1997 sun ci wasa 60, an ci su sau 3 kacal, suka ɗauki kofin ƙasa a 1994 da 1995 da 1997. A wasan ƙarshe na kakar 1995 sun yi wa Florida 62 da 24, alhali ita ma Florida ba a ci ta ko sau ɗaya ba a kakar kafin ranar. A lokacin babu mai ƙirga wasannin da aka kusa ci.

Maganar "saura ƙiris" da abokan aikinka suke yi, mun riga mun ji ta a 2021, kuma a lokacin hujjarta ta fi ta yau ƙarfi. A waccan kakar, ƙarƙashin koci Scott Frost, an ci wasa 3 aka faɗi 9, kuma cikin 9 ɗin nan babu wanda tazararsa ta kai maki 10. A wasannin Big Ten, wato rukunin jami'o'in da Nebraska take ciki, an ci 1 aka faɗi 8, amma idan ka tara makin da suka ci da wanda aka ci su, sai ka tarar daidai suke, domin sun yi wa Northwestern 56 da 7 sannan suka riƙa faɗuwa da kaɗan-kaɗan a sauran. Mutane da yawa suka ce ba a taɓa ganin ƙungiya mai kyau irin wannan da sakamako maras kyau haka ba, hukumar jami'a kuma ta bar Frost ya ci gaba bayan an rage masa albashi kuma an sallami wasu daga cikin mataimakansa.

Ka duba yadda aka faɗi wasannin nan ɗaya bayan ɗaya, a nan ne gaskiyar take. A gidan Oklahoma an tare musu bugun ƙarin maki, aka ruga da ƙwallon har ɗaya ƙarshen fili. A gidan Michigan State sun hana abokan hamayya motsi kusan duk rabin wasa na biyu, sai mai doka ƙwallo sama ya aika ta ɓangaren da babu 'yan wasansa, aka dawo da ita har gida, aka ƙarasa su a ƙarin lokaci 23 da 20. Da Michigan, ƙwallo ta suɓuce wa mai jefa ƙwallonmu Adrian Martinez a mintunan ƙarshe, aka tashi 32 da 29. Da Iowa suna gaba da 21 da 6, aka tare bugun sama aka mayar da shi maki, wasa ya juya aka tashi 28 da 21. Kowanne daga ciki idan ka ɗauke shi shi kaɗai sai ka ce tsautsayi ne, amma tsautsayin da yake zuwa duk Asabar ta ƙofa guda ya zama hali, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Da aka shiga 2022 me ya faru? Wasan farko a Dublin suna gaba da Northwestern 28 da 17, koci ya ba da umarnin a yi gajeren bugun yaudara ba tare da wata bukata ba, dabarar ta ƙi, aka ci su 31 da 28. Makonni biyu bayan haka Georgia Southern ta zo har Lincoln ta ci su 45 da 42, washegari aka kori Frost. Ya tafi da nasara 16 da rashin nasara 31. Na ji zafin wannan ƙwarai, domin shi ne mai jefa ƙwallon ƙungiyar da ta ɗauki kofi a 1997, ɗan jihar ne, kuma ya zo ne bayan ya kai Jami'ar Central Florida (UCF) ga cin wasa 13 ba tare da faɗuwa ba a 2017.

Saboda haka kada ka yi mamakin abokan aikinka da ba sa son jin maganar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni ba zan ce sun kusa ba sai ranar da na ga sun doke ƙungiyar da ke cikin jerin 25 na sama, abin da rabon su da yi tun wasan Oregon na watan Satumban 2016.

Malamin Lissafi ya amsa:

Alhaji ya yi magana mai nauyi, ni dai zan ƙara ɗan lissafi a kai domin ɗan'uwanmu mai tambaya ya ga inda hujjar abokan aikinsa take da tushe da inda ta gaza.

Masu nazarin alƙaluman wannan wasa sun daɗe da lura cewa sakamakon wasanni masu ƙaramar tazara ba ya cika maimaita kansa daga shekara zuwa shekara. Ƙungiyar da ta ci irin waɗannan wasanni da yawa bana, galibi takan komo tsaka-tsaki baɗi, haka ma wadda ta faɗi su da yawa. Dalili kuwa shi ne ƙwallon ba zagayayya ba ce, idan ta faɗi ƙasa babu wanda ya san inda za ta nufa, kuma a kakar da ba ta wuce wasa 12 ba, abu uku ko huɗu na sa'a sun isa su canza lissafi. Wannan shi ne ginshiƙin masu cewa saura ƙiris, kuma a kan yawancin ƙungiyoyi suna da gaskiya.

To amma ga inda Nebraska ta fita daban. A zamanin Frost an yi wasa 27 da tazararsu ba ta wuce maki 8 ba, aka ci 5 aka faɗi 22. Da a ce kowane wasa kamar jefa kwabo ne, yiwuwar a samu nasara 5 ko ƙasa da haka cikin 27 ba ta kai 1 cikin 1,000 ba. Sannan aka canza koci, aka canza yawancin 'yan wasa, Matt Rhule ya zo, kuma a shekarunsa biyu ya yi irin waɗannan wasanni 13, ya ci 3 ya faɗi 10. A 2023 kaɗai sau uku ana cin su 13 da 10, wato Minnesota da Maryland da Iowa, a 2024 kuma Iowa ta sake cin su da wannan adadin dai. Idan abu ya kai haka, mai lissafi ya kamata ya daina cewa sa'a ya fara neman sanadi.

Akwai wani abu kuma da ake mantawa. Ƙungiya mai ƙarfi ba ta yawan barin wasa ya kai ga ƙaramar tazara idan ta haɗu da wadda ta fi ƙarfinta. Faɗuwa da maki 4 a gidan Ohio State abin alfahari ne, amma faɗuwa da maki 7 a gida a hannun UCLA, wadda ta gama 2024 da nasara 5 da rashin nasara 7, ba irinsa ba ne, ko da yake a kan takarda duka biyun ana kiransu "an kusa". Kuma mai tambaya bai ambaci wasa na shida ba, wanda Indiana ta yi musu 56 da 7. Dole a sa shi a ma'auni tare da na Ohio State, tunda mako ɗaya ne tsakaninsu.

Uwargida a Des Moines ta amsa:

Sallama gare ku duka. Ni a Iowa nake zaune, ɗana kuma ya yi wasan nan a makarantar sakandare a layin masu tare gaba, don haka na koyi kallon abin da ke faruwa a inda ƙattai suke karo da juna, ba inda ƙwallo take ba. Malam mai tambaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, maƙwabtaka ce ta sa na san ciwonku.

Wasan da ya kamata ka yi nazari a kai shi ne na Iowa a ƙarshen Nuwamban 2024. Nebraska ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da 10 da 0, masu tsaron bayanta sun shaƙe Iowa ta yadda a duk wasan sau 5 kawai ta iya cika yadi 10 ɗin da ke ba da sabon zagaye. Duk da haka Iowa ce ta ci. Ƙwallon da aka doko sama ta kuɓuce wa Nebraska kusa da gidanta, ɗan wasan Iowa Kaleb Johnson ya tsere musu sau ɗaya ya yi yadi 72, sannan a daƙiƙun ƙarshe aka bankaɗe Raiola ƙwallo ta faɗi, Iowa ta buga ta tsakanin sanduna daga yadi 53. A nan Iowa babu wanda ya kira wannan sa'a, domin haka kocin Iowa Kirk Ferentz yake cin wasa tun 1999: ba ya ba da ƙwallo kyauta, yana ba wa sashen masu bugu muhimmanci kamar sauran sassa, sannan ya jira kuskurenka. Cikin haɗuwa 10 daga 2015 zuwa 2024 Iowa ta ci 9, kuma ba don ta fi Nebraska samun fitattun yara daga sakandare ba.

Abin da nake gani shi ne, kafin a amsa ko sun kusa, a fara faɗin inda ake son kaiwa. Idan zamanin da Alhaji ya bayyana ake nufi, ba su kusa ba, kuma ina shakkar ko hanyar tana nan. Mutanen jihar wajen miliyan 2 ne kawai, ba ta fitar da manyan 'yan wasa da yawa a shekara, kuma tun da suka bar rukunin Big 12 suka koma Big Ten a 2011 suka daina zuwa Texas wasa a kai a kai, inda a da iyayen yara suke ganin su. Yanzu rukunin yana da jami'o'i 18, har da Oregon da USC da Washington, ban da Ohio State da Michigan da Penn State. Rabon Nebraska da kofin rukuni tun 1999.

Idan kuwa ana nufin cin wasa 9 a shekara, wannan abu ne mai yiwuwa, sai dai ina tuna muku cewa sun taɓa samun sa suka raina. An kori koci Frank Solich a 2003 yana da nasara 9 da rashin nasara 3, an kori koci Bo Pelini a 2014 da irin wannan sakamakon, shi da bai taɓa gama kaka da ƙasa da nasara 9 ba cikin shekaru 7. Na san Pelini yana da laifinsa, an yi masa 70 da 31 a wasan kofin rukuni na 2012, kuma yana da zafin rai. Amma matsayin da kuke fatan kaiwa yau shi ne wanda aka kori mutum biyu saboda tsayawa a kansa.

Bakatsine a Houston ya amsa:

Hajiya da Alhaji, ina girmama maganarku, amma ku bar ni in tsaya wa ɗan'uwana kaɗan, domin na bibiyi Rhule tun yana Baylor a nan Texas. A Jami'ar Temple ya fara da nasara 2, ya koma 6, shekara ta uku ya ci 10. A Baylor ya karɓi ƙungiyar da abin kunya ya wargaza, ya fara da nasara 1, ya koma 7, shekara ta uku ya ci 11. A Nebraska ya yi 5, ya yi 7, kuma 2025 ce shekara ta uku. Ban ce dole tarihi ya maimaita kansa ba, na kuma san bai yi nasara ba a ƙungiyar ƙwararru ta Carolina Panthers, amma gina ƙungiyar jami'a shi ne aikin da ya iya.

Akwai kuma gyaran da ake iya nunawa da yatsa. A 2023 sun yi asarar ƙwallo sau 31, da wuya a samu wadda ta kai su a ƙasar, kuma sun yi ta canza masu jefa ƙwallo har uku. A 2024 yaro ɗan shekarar farko ya riƙe wurin daga farko har ƙarshe, asarar kuma ta ragu sosai. Da harin ya tsaya cak a tsakiyar kaka, Rhule bai jira ƙarshen shekara ba, ya kawo Dana Holgorsen a watan Nuwamba ya damƙa masa tsara hari, kuma a wasansa na biyu aka ci maki 44. Frost bai taɓa yin gyara da sauri irin wannan ba.

Wasan Indiana da Malam ya ambata ma yana da wata fuska. Indiana ta ci wasa 3 ne kacal a 2023, sabon koci Curt Cignetti ya zo da 'yan wasa da dama daga James Madison da wasu wurare, ya ci 11 a 2024 ya shiga gasar neman kofin ƙasa. Tun da aka sauƙaƙa wa ɗalibai canza jami'a, kuma aka halatta musu samun kuɗi da sunansu daga 2021, ƙarancin mutanen jiha ya rage nauyi, kuɗi da magoya baya suka ƙara nauyi. Nebraska kuwa tana sayar da duk tikitin filinta tun 1962, a 2024 aka yi wasa na 400 a jere. Abin da ke damuna kawai shi ne tafiyar Tony White, mai tsara tsaron baya, zuwa Florida State, da kuma manyan 'yan layin tsaro da suka gama karatu, domin tsaron nan ne ya riƙe wasanni kusa tun farko.

Bazazzagi a Omaha ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara sani. Yaya Alhaji, ban san dalla-dallar wasannin 2021 haka ba, na dai tuna baƙin cikin. Da na jera su kusa da wasan Iowa da Hajiya ta bayyana, sai na ga kuskuren iri ɗaya ne shekaru uku bayan haka, da wani koci da wasu yara, kuma wannan ya fi damuna fiye da 56 da 7 ɗin Indiana. Har a wasan Boston College da muka ci, an tare mana bugun ƙarin maki an kuma tare bugun sama, wasan da muke gaba da nisa ya koma sai da ƙyar.

Duk da haka ban bar ɓangaren ɗan'uwana Bakatsine gaba ɗaya ba. Na yarda cewa zamanin Osborne ba shi ne abin auna yau ba, kuma idan aka ce mini a 2025 za a ci wasa 9 har da Iowa a ciki, zan karɓa hannu bibbiyu. Abin da zan daina shi ne ƙirga tazarar maki a matsayin hujja. Idan aka fara kakar 2025 zan riƙa rubuta abu uku bayan kowane wasa: sau nawa muka ba da ƙwallo, sau nawa aka tare mana bugu ko ya kuɓuce, da sau nawa aka kayar da Raiola kafin ya jefa. Malam, idan na tara na wasanni shida na farko zan kawo maka su ka duba mana.